Ta-kitsen da Nake Rubuta wa Ummi

Kakarmu, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda a yi tatsuniya da rana. Cewa take duk wanda ya yi zai ɓata a kasuwa. Sai an ci tuwon dare, an kawar da kwanuka, an baza tabarma a tsakar gidanmu na Yakasai, sannan za ta gyara zama ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," mu amsa baki ɗaya, "Ta zo mu ji ta." Da wannan doka na girma, kuma ban taɓa karya ta ba sai a watan Janairun bara, da azahar tsaka, a ɗakin mata na wani asibiti a nan Kano. Ina zaune a kujerar roba, Ummi na kwance ana yi mata ƙarin ruwa leda ta uku.

Ummi 'yar yayana ce. Sunan mahaifiyarmu ta ci, shi ya sa babu mai kama sunanta na yanka a gidan. Shekarunta 16 a lokacin, tana aji biyar a makarantar kwana, kuma sikila ce. Ɗiban ruwa ne ya kawo mu asibiti a wannan karon. Manyan ɗalibai suka tashe su da asuba, hunturu na kaɗawa, aka ce kowa ta cika bokiti huɗu. Ta ce musu likita ya hana ta shiga sanyi. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Kullum ke ce mai ciwo, ragwanci ne kawai." Ta ɗauka don kada a ce ta yi wa na gaba rashin kunya. Ruwa ya jiƙa mata hijabi da kayan makaranta. Kafin a fita tara ƙafafunta da bayanta sun kama.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai sikila ba a lokacin da ciwon ya tashi, ko an ce masa "ciwon ƙashi" ba zai gane ba. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna bi ta ƙananan jijiyoyi ba tare da sun maƙale ba, kuma kowace takan yi kwana 120 tana aiki. Na Ummi kuwa lanƙwashewa suke kamar lauje, su ƙandare, su cushe hanya, kuma daga kwana 10 zuwa 20 sun mutu. Sanyi yana tsuke jijiya. Ƙishirwa tana kaurara jini. Zazzaɓin sauro, gajiya, har fargabar jarrabawa, kowanne yana iya tayar da ciwon. Na ga yarinyar nan ta ciji gefen zane har ya yage, ta ƙi yin ihu saboda akwai wata tsohuwa a gadon da ke kusa da nata.

Da allura ta fara kama jikinta sai ta ce in miƙo mata wayarta. Labaran Turanci take karantawa a manhajar Wattpad. Na san irinsu, don ni malamar Hausa ce a sakandare, kuma ɗalibaina mata su suke bi. Tsofaffin tatsuniyoyin Turai ne aka sake musu riga. Yarinyar nan da kishiyar uwa ke bautarwa, wadda ta yar da takalmi a wurin rawa, ta koma 'yar sakandare a wani gari na Amurka tana hawan bas ɗin makaranta. Ɗan sarkin da aka yi wa sihiri ya zama dodo ya koma ɗan ajinsu mai zama a kujerar baya, ba ya magana da kowa. Ta ɗan duba, sai ta kife wayar a kan ƙirjinta.

"Gwaggo, na gaji da su," ta ce. "Duk cikinsu babu mai shan magani kullum da safe. In kuwa kika ga mara lafiya, to ki sani mutuwa za ta yi a babi na ƙarshe don saurayin ya yi hankali."

Ba ni da amsar da zan ba ta. Na riga na tofa mata duk addu'ar da na sani. Sai kawai na ji bakina ya ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Ga yadda Kaka take ba mu ita. Wata tsohuwa ce da santa, ƙato, babu irinsa a garin. Gizo ya shiga gidan ɗiban wuta ya gan shi, bai zame ko'ina ba sai fada, da tsamin bakinsa: "Sayki, Sayki, kunnenka nawa?" Sarki ya ce biyu. Ya ce, "Ƙaya biyu ka sha labayi." Aka kama sa aka yanka. Aka tambayi tsohuwa me take so, ta ce a ba ta kitsen kawai. Ta kai ɗaki ta rufe a tukunya. Tun daga ranar, in ta fita ta dawo sai ta tarar an share gida, an ɗebo ruwa, an tuƙa tuwo. Ran nan ta laɓe, ta ga ashe 'yan mata ne ke fitowa daga tukunyar, wadda ta fi su kyau ita ce Ta-kitse. Gizo ya sake kai labari fada, Sarki ya ce yana so. Tsohuwa ta ce ta ba shi, amma da sharaɗi: ba ta shiga rana, ba ta zuwa kusa da wuta. Sarki ya ce ya ji ya yarda. Aka sha biki. Ana nan ana nan sai yaƙi ya taso, ya hau doki ya tafi. Kishiyoyi suka ce ita wace ce da za ta zauna a inuwa su suna gaban murhu? Suka fito da ita suka sa ta suya. Ta fara narkewa tun daga yatsun ƙafa, tana kuka tana juya abin da ke kasko, har ta zama ruwan mai a ƙasa. Tsuntsu ya kai wa Sarki labari. Tsohuwa ta zo ta kwashe man ta mayar tukunya, ta zuba ruwan sanyi, Ta-kitse ta dawo yadda take. Kishiyoyi suka sha hukunci. Ƙurunƙus kan kusu.

Ummi ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta ce, idonta a rufe, "Gwaggo, shi Sarkin fa? An gaya masa sharaɗi, ya ce ya ji. Da zai tafi, wa ya bar wa amanarta? Me ya sa kishiyoyi kaɗai aka hukunta?"

Fiye da shekara 30 ina ɗauke da wannan tatsuniya a kaina. Na koyar da ita a aji, na sa ɗalibai sun fitar da jigonta a jarrabawa, duk wadda ta rubuta "illar kishi" na ba ta makinta. Ban taɓa tambayar ina Sarki yake ba. Yarinyar da aka sa ɗiban ruwa da asuba ita ta gan shi, domin ita ma akwai waɗanda aka kai wa takardar likita a farkon zango, suka ce sun ji, sannan ranar da abin ya faru babu ko ɗayansu a wurin.

A daren nan na fara rubutu a wayata, tana barci ina danne-danne. Yau labarin ya kai babi 18.

Wasu abokan aikina da na nuna wa sun ce ai wannan gauraye na tatsuniya da zamani kwaikwayon Turawa ne. Ban yarda ba, kuma ina da hujja. Su ma waɗancan tatsuniyoyin na Turai a bakin tsofaffi suke kafin Charles Perrault ya rubuta nasa a Faransa a 1697, 'yan'uwan nan biyu na gidan Grimm su fitar da nasu a Jamus a 1812. Namu ma an rubuta su tun da daɗewa. Malamai sun rubuta da ajami, Frank Edgar ya mayar boko ya buga juzu'i 3 tsakanin 1911 da 1913. A can Gwalkwas, wato Gana ta yau, Malam Shaihu ya rubuta wa R. S. Rattray wasu, aka buga a 1913. Da Abubakar Imam ya zo rubuta Magana Jari Ce a shekarun 1930, daga na Grimm da na Dare Dubu da Ɗaya ya ɗebo wasu labaran, ya sa musu babbar riga da rawani, har muka tashi muna ganin 'yan garinmu ne. In an iya naɗa wa Bajamushe rawani, ban ga abin da zai hana Ta-kitse sa kayan makaranta ba. Ita kanta Kaka haka take yi. In wata a cikinmu ta yi rowa da rana, da dare za ka ji wata marowaciya ta ɓullo a tatsuniya, har da irin ɗaurin ɗankwalinta.

Amma abin da ya riƙe ni a wannan aiki shi ne sharaɗi. Na karanta littattafan soyayyarmu da yawa tun ina budurwa, muna haya a wurin mai shago muna ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, kuma har gobe ina girmama matan da suka rubuta su. Sai dai a yawancinsu abin da ke raba masoya daga waje yake zuwa: talauci, auren dole, Alhaji mai kuɗi, uwar miji, kishiya mai bin boka. Akwai mugu, in an kayar da shi sai a ɗaura aure. Tatsuniya ta san wani abu da ya fi wannan wuya. Ta san cewa wani lokaci sharaɗin a jikin wanda kake so yake, da shi aka halicce shi, babu mugun da za ka kashe ya tafi. Kada ta shiga rana. Kada ka buɗe ɗakin can. Kada ki faɗi abin da kika gani. Wanda ya ce yana so, sai ya ɗauki sharaɗin nan yau, ya ɗauke shi gobe, ya ɗauke shi ranar da yaƙi ya taso. Ban san wata siffa da ta fi wannan dacewa da rayuwar yaran da nake gani ba.

Kuma kitse, in kun lura, maƙiyansa biyu ne. Zafi ya narkar da shi, sanyi ya daskarar da shi. Kaka zafin kawai ta ba mu. Da na zauna kusa da Ummi sai na ga ɗaya rabin: a watan Afrilu muna bin ta da gorar ruwa kada ƙishirwa ta kama ta, a watan Disamba muna bin ta da safa da rigar sanyi da ruwan ɗumi.

Ta-kitsen labarina sunanta Sa'adatu, shekarunta 17. Kakarta ce ke kiranta Ta-kitse, mahaifinta kuwa mahauci ne a kwata, don ban so in yar da san nan na tsohuwa gaba ɗaya. Yaron sunansa Habu, yana taya kawunsa aiki a karofin Ƙofar Mata, inda ake cewa tun 1498 ake rini, da dare kuma yana karatun jarrabawar JAMB. Na je wurin sau uku kafin in rubuta babi na biyu. Na tsaya ina kallon yadda ake tsoma zane a rijiyar baba, a ɗago shi ya sha iska, a sake tsomawa, ga warin baba da toka, ga ƙarar masu bugu daga mabuga. Hannun marini ba ya rabuwa da shuɗi ko ya wanke da sabulu. Idon Sa'adatu kuwa ba ya rabuwa da ɗorawa-ɗorawa, saboda ƙwayoyin jinin da ke mutuwa da wuri. A haɗuwarsu ta farko cikin Adaidaita Sahu, shi yana ɓoye hannu a aljihu, ita tana sunkuyar da kai. Ummi ta ce wannan wurin ta karanta shi sau biyar.

Rijiyoyin karofin da yawa an daina aiki da su, sun bushe, shara ta cika wasu. Ɗaya daga cikin waɗannan ita ce ƙofar da na buɗe. Duk ranar da ciwo ya tashi wa Sa'adatu, jikinta na kan gadon asibiti, ita kuwa sai ta tsinci kanta a ƙasan wannan rijiya, a garin da mutanen tatsuniya suke zaune. Akwai Ƙoƙi tana daka. Akwai Botorami. Akwai tsohuwar nan mai wanka a bakin hanya da ke roƙon a cuɗa mata baya. Gizo kuwa yana da gida a can yana da gida a nan. A nan ɗan ajinsu ne, shi ke riƙe da zauren WhatsApp na aji, shi ne kuma ya ɗauki hotonta a asibiti ya watsa don a ce shi ya fara kawo labari. Ba mugu ba ne can-can. Ba ya dai iya ganin abu ya yi shiru, kamar dai na Kaka.

Tsohuwa mai wanka ita ke gaya wa Sa'adatu asalin jininta, bayan ta cuɗa mata baya. Wai a zamanin da, Sarkin Sauro yana cinye 'ya'yan wani gari na bakin fadama, sai wata uwa ta je ta roƙe shi. Ya ba ta lauje guda ya ce ta sa a jinin 'ya'yanta, duk mai ɗauke da lauje ɗaya rundunarsa ba za ta iya da shi ba. Amma ya ce ta kiyaye ranar da lauje biyu za su haɗu a jiki ɗaya. Wannan ba daga kaina kawai na ƙaga shi ba. A 1954 wani likita mai suna Anthony Allison, wanda ya girma a Kenya, ya nuna cewa masu AS, wato masu ɗauke da ƙwayar halittar sikila (S) guda ɗaya, suna da kariya daga zazzaɓin sauro mai tsanani. Shi ya sa S ta yi yawa a ƙasashen da sauro ya yi yawa. A Nijeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ita, kuma ana haihuwar jarirai masu sikila kimanin 150,000 a kowace shekara, babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Na sha faɗa wa Ummi wannan da harshen asibiti, ta gyaɗa kai kawai. Da ta karanta shi a bakin tsohuwa mai wanka, sai ta kira ni a waya ta ce, "Gwaggo, ashe abin da ke sa ni ciwo shi ya raya kakanninmu." Muryarta ban taɓa jin ta haka ba. Tun tana ƙarama take ɗaukar jininta kamar laifin da ta yi wa iyayenta.

A nan ne kuma na tsorata, kuma ya kamata in faɗa. Wata ƙawata ma'aikaciyar jinya ta karanta babin ta ce, "Ki yi hankali. Mu muna fama da masu cewa iska ce, ke kuma kin kawo Sarkin Sauro." Gaskiya ta faɗa. Tana ganin yaran da ake kawowa bayan an gama yi musu hayaƙi da tsaga, jini ya riga ya ƙare. Ni ma a gidanmu na san wannan. Kaka ta haifi tara, huɗu suka koma tun ba su yi wayo ba, har aka riƙa kiranta mai wabi. Wadda ta biyo bayansu aka sa mata Ajuji, don a nuna kamar ba a damu da ita ba ko ta tsaya. Yanzu da muka yi gwaji muka ga yadda S ta bazu a zuriyarmu, da wani ido nake tuna waɗannan yara huɗu.

Saboda haka na kafa wa kaina doka, kuma ban karya ta ko sau ɗaya ba a babi 18. Abin da ke ƙasan rijiya ba ya warkarwa. Tsohuwa tana iya ba Sa'adatu labari, ta ba ta suna, ta ba ta ƙarfin zuciya, amma ba ta ba ta magani. Maganinta folik asid ne kowace safiya, da na rigakafin zazzaɓi, da gidan sauro, da ruwa gora bayan gora, da zuwa ganin likita ranar da aka rubuta mata. In ciwo ya tashi, asibiti ake kai ta, kuma na rubuta layin karɓar kati da neman jini yadda suke. A babi na 9 wata maƙwabciya ta kawo rubutu da turare ta ce aljani ne ya aure ta. Kakar Sa'adatu ta karɓa ta yi godiya, sannan ta ce wa ɗanta ya tare Adaidaita.

'Yan matan da ke karantawa, ƙawayen Ummi ne da ƙawayen ƙawayensu a wani zaure da ta buɗe, sun yi ta roƙona in sa Habu ya tafi neman ruwan Bagaja ya kawo ta sha ta warke. Na gane abin da suke so, ni ma ina so. Kuma ruwan Bagajan akwai shi. Ana dashen ɓargo, har an fara yi a Nijeriya a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, amma sai an sami wanda ɓargonsa ya dace, sai kuma kuɗin da gidan malamin makaranta bai taɓa gani ba. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani da ke gyara ƙwayar halittar kanta, kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200. Ɗan karofi ba zai kawo wannan ba ko ya rina zanen duniya. In na sa ya kawo, na yi wa Ummi ƙarya, kuma za ta gane. Ita da kanta ta raba gardamar. Ta rubuta a zauren: "Kada a narkar da ita, kada kuma a warkar da ita. A bar ta ta yi soyayyarta a haka."

To yaya soyayyar take? Irin tamu ce. Ya aiko yaro a ce ana sallama da Sa'adatu, ta fito zaure da ƙanwarta, su zauna nesa da juna. Ban sa ya yi mata waƙa ba, ban sa ya kira ta tauraruwa ba. Ya lura cewa tabarmar zaure a kan siminti take, ran nan sai ya zo da buhu biyu ya shimfiɗa a ƙasa. In hadari ya haɗo yakan katse hira ya ce ta shiga gida, ko da bai gama abin da ya zo faɗa ba. Ya san adadin gorar ruwan da ya kamata ta sha, in ya ga ta rage sai ya yi shiru yana kallon gorar har ta ɗauka. Ya rina mata mayafi mai kauri. Ranar da kawunsa zai aike shi Zariya na kwana uku, kafin ya tafi sai da ya bi ƙanwarta da ƙawarta ta aji ɗaya bayan ɗaya, ya karɓi lambar mai Adaidaitan unguwa ya ba su. Wannan babin amsar tambayar Ummi ne, ita ma ta sani. Da ta karanta ba ta ce komai ba, hoton zuciya ɗaya kawai ta turo mini.

Na kuma aro wani abu daga tatsuniyar Daskin-da-Riɗi, na juya shi. A can saurayi ne ke kulle a ɗaki, ya ce ba zai aura ba sai wadda ta san sunansa, 'yan mata suna zuwa suna komawa da kuka. A nawa Sa'adatu ce mai ƙofa. Samari sun sha zuwa, don kyakkyawa ce, amma kowanne in zai ambaci abin da ke damunta sai ya sassauta murya ya ce "lalurar nan taki", ko "ciwon nan". Tsohuwa mai wanka ta ce mata kada ta buɗe sai ga wanda ya kira abin da sunansa, da muryar da yake kiran sunanta. Habu ya yi wata biyu yana kewaye-kewaye. Ranar da ya ce, "Na gaya wa Innata ke sikila ce, na ce kuma ke nake so," a gaban ƙanwarta, bai rage murya ba, ranar aka fi yi mini magana a zauren. Wata yarinya da ban sani ba ta biyo ni ta gefe ta ce shekara uku tana makarantarsu babu wanda ya san ita SS ce, wato sikila, a banɗaki take shan maganinta. Mun daɗe muna magana a daren.

Yanzu ga inda na tsaya. A babi na 17 ciwo ya tashi wa Sa'adatu, jininta ya yi ƙasa, likita ya ce a nemo leda biyu. Habu ya zo da gudu ya miƙa hannunsa mai shuɗi. Jinin da ake ƙara wa mai sikila an fi so ya zama na mai AA, wato wanda ba ya ɗauke da S, saboda haka sai an gwada. Shi kuwa bai taɓa yin gwajin ba, kamar yawancin samarinmu, duk da cewa tun watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano, har da na nau'in jini. Lissafin ba shi da wuya, kuma na sa Sa'adatu ta yi shi da alli a bangon zaure tun a babi na 6. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a haifi sikila. SS da AS, 1 cikin 2. SS da AA, babu ko ɗaya, duk 'ya'yan AS za su zama. Kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba a cewa na fari ya ɗauke wa na biyu.

Na rubuta cewa Habu AA ne. Na tura wa Ummi ita kaɗai kafin in saka a zaure, don haka muke yi. Bayan sallar isha'i ta kira ni.

"Gwaggo, kin ji tausayina ne."

Na ce ai mutum 3 cikin 4 ba sa ɗauke da S, ba abin mamaki ba ne ya zama AA.

"Na sani. Amma ba don haka kika rubuta ba."

Na yi shiru, don gaskiyarta ne. Na tambaye ta ko so take ya zama AS su rabu. Ta ce ba ta ce ba. Ta ce abin da take so shi ne Sa'adatu ta san abin da za ta yi tun kafin a buɗe takardar, ko me ke ciki, kuma ita za ta faɗa da bakinta, kada Innar Habu ko likita ko tsohuwar rijiya su faɗa mata. Ta ce, "Ta-kitsen Kaka ko sau ɗaya ba a tambaye ta ba. An ba da ita, an narkar da ita, an dawo da ita. Ni tawa a tambaye ta."

Na goge babin. A yadda na bar shi yanzu, Habu yana tsaye a ƙofar gida bayan magariba, takardar gwaji a ninke cikin aljihun rigarsa, bai buɗe ba, ya aiki yaro ya yi masa sallama. Sa'adatu na ɗaki ta ji sallamar, tana neman ɗaya safarta.

Ummi ta dawo makarantar jeka-ka-dawo tun bayan wancan ciwon, kuma ranar Juma'a ake ba su hutu. Yayana ya yarda ta zo ta yi mini mako guda mu rubuta babi na 19 tare, ita ta faɗi maganar Sa'adatu, ni in rubuta ta Habu. Hazo ya fara sauka tun shekaranjiya. Na sa an liƙe tagar ɗakin da za ta kwana, na ɗaura gidan sauro, na sayo gawayi buhu guda saboda ruwan wankanta.